Yadda Aka Kankare Ɗanjuma

A kakar shekarar 1955, bayan an sayar da gyaɗa, wani Balarabe ɗan kasuwa ya taso daga Kano da motoci cike da ƙarafa da katako, ya kafa wurin shashanci a bayan kasuwar Bebeji. Ya kewaye fili da zana da langa-langa. A ciki ya dasa lilo mai juyawa da dawakan katako, ƙarti suna tura shi, ya jingina wasu madubai masu mai da siriri tulu, su mai da mai ƙiba sillen kara. Mutane suka sa wa wurin suna Gidan Lilo. Ba a buɗe shi sai bayan isha'i, lokacin da duk mutumin kirki ya kamata ya kasance a ɗakinsa.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne ƙofar shiga. An zana ƙatuwar giwa a allon katako a gefe guda, an rataya fitilun gas masu famfo a sama, garmaho na ta kuka. Magidantan da ba sa iya zuwa jam'in asuba saboda ciwon gwiwa, a wannan makon gwiwa ta warke. Har daga Kiru da Tudun Wada da Doguwa ake tahowa a kan jakuna, don a ga babban mutum ya hau dokin da ba ya cin ciyawa.

A bakin ƙofar nan Shitu Mai Hoto ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku. Yakan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ce kada a motsa, ya kunna ƙwan walƙiya. Haske ya tashi fau, kowa ya makance na ɗan lokaci, shi ke nan an ɗauka. Amma hoton dare ba ya fita yadda ake so. Fitilun gas sukan zama farin tabo, fuskar mutum ta nutse cikin duhu, wani ya fito da ido a rufe, wani baki a buɗe. Saboda haka ainihin aikin Shitu da rana yake yinsa, a shagonsa. Yakan ɗora gilashin hoton a taga, ya bi shi da fensir mai tsini da reza. Inda ya shafa fensir, wurin ya yi haske a takarda. Inda ya kankare da reza, wurin ya zama baƙi. Da haka ya buɗe idanun masu gyangyaɗi, ya cike giɓin tsofaffi, ya rage wa wani mahauci tumbi. Ni dai sunan wannan aiki a wurina ƙarya, ko da yake da fensir ake yinta ba da baki ba.

Shitu yana da taubashi, ɗan ƙanwar ubansa, mai suna Ɗanjuma, wanda ke gyaran keke a bakin hanyar Kano. Ɗanjuma ba mugu ba ne, amma ƙafarsa ba ta son gida. Duk inda aka buga ganga da dare, yana can. Wannan hali ya sa matarsa Luba ta ɗaure kayanta ta yi yaji zuwa gidan ubanta, Malam Wada, wani dattijon manomi a Yako mai kaushin magana. An je biko, an dawo, an sake komawa. A ƙarshe Ɗanjuma ya tsuguna a zauren surukinsa ya yi alkawari ya bar yawon dare har abada. Malam Wada ya ce to, ya zo ranar Juma'a ya ɗauki matarsa, amma idan ya ji labarin an gan shi ko a bakin ƙofar wani wasa, Luba ta zauna ke nan, sai dai a haɗu gaban alƙali.

Ana cikin wannan jira aka buɗe Gidan Lilo.

Ranar Laraba da hantsi Ɗanjuma ya leƙa shagon Shitu don ya sha ruwa. Ya tarar da shi a gaban taga, yana dariya shi kaɗai.

"Bawana, shigo," in ji Shitu. "Yanzu nake shirin aika maka. Jiya ina ka kwana?"

"A ɗakina mana. Tun magariba na kulle. Ka san na tuba."

"Madalla. To zo ka gaya mini wane ne wannan."

Ɗanjuma ya karɓi gilashin ya ɗaga wajen haske. A gilashin hoto komai a juye yake, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ya ga wani tsoho mai farar fuska da baƙin gemu ya ƙame cikin babbar riga. A bayan kafaɗar tsohon, tsakaninsa da giwar allo, ga wani dogo ya ɗaga kai yana kallon fitilu, hula a karkace, ya kafa baƙaƙen haƙora a jikin kara.

"Wannan aljanin fa?"

"Bari ka gan shi a takarda, ka fi gane shi."

Shitu ya miƙa masa gwajin da ya wanke da safe. Tsohon Malam Wada ne. Dogon kuwa Ɗanjuma ne, da guntun rake a baki, kumatu cike.

Ɗanjuma ya zauna a ƙasa ba tare da ya nemi tabarma ba.

"Innalillahi. Baba ne? Me ya kai Baba can?"

"Abin da ya kai ka. Shi dai ya biya, ya ce a ɗauke shi da giwa, zai rataya a zaurensa."

"A zaure! Shitu, dube ni fa. A tsaye nake a kansa. A tsaye! Ina shan rake!"

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce babban laifin shi ne karya alkawari. Lalle laifi ne, kuma shi kaɗai ya isa ya hana shi Luba. Amma abin da ya fi tayar wa Ɗanjuma hankali daban ne. Tun da ya auri Luba bai taɓa tsayawa a gaban surukinsa ba. Daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsuguna. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba, balle ya tauna wani abu. Yanzu ga shi an kama shi a takarda, ya yi wa tsohon rumfa da tsawonsa, yana tsotsar rake a bayan kunnensa, kuma haka zai tsaya a bangon zaure shekara da shekaru, duk baƙon da ya zo ya gani.

"Kai ma da ka gan ni, ba sai ka yi mini tari ba?"

"Ta yaya zan gane ka? A cikin akwatin nan kowa a kife yake. Ban saba ganinka ƙafa sama ba, ko da yake ya fi dacewa da kai."

"Fasa gilashin. Ka ce ya faɗi."

"In fasa hoton Malam Wada? Ka san sandarsa kuwa? Ya riga ya gaya wa duk Yako ranar Juma'a hotonsa zai iso."

"To sa almakashi ka yanke gefen da nake."

"Giwar ta tafi ke nan. Sau nawa ya ce mini, 'Yaro, in babu giwa, babu hoto.'"

Ɗanjuma ya riƙe kai. Can ya ɗago da wata dabara.

"Ka tsugunar da ni."

"Me?"

"Ba kai ke buɗe idon mutane ba? Lanƙwasa mini gwiwa. Ka mai da ni ƙasa, kamar ina gaishe shi. Raken kuma ka mai da shi carbi."

Shitu ya yi dariya har ya yi tari. "Fensir ne a hannuna, ba ɗori nake yi ba. Kuma ko a tsugune kake, ai a Gidan Lilo ka tsuguna. Luba ta tafi dai."

Daga baya Shitu ya ce akwai hanya guda. Tun da Ɗanjuma dogo ne, rigarsa kuma fara, zai mai da shi ginshiƙin ƙofa. Zai kankare hannuwa da raken, ya shafe fuskar da fensir har ta yi fari kamar rigar. Wa zai tsaya tuhumar ginshiƙi?

"Ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba. Amma kai kusan ginshiƙin ne tun asali."

Shitu ya duƙufa. Ya fere fensir, ya riƙe numfashi, yana ɗiga ƙananan ɗigo a kan hancin taubashinsa. Ɗanjuma na tsaye a bayansa yana ba da shawara, yana cewa a yi hankali da kunne, har Shitu ya kore shi waje ya ce ya je ya tsare masa ƙofa. Bayan azahar ya shiga ɗakin duhu, ya wanke sabon gwaji, ya fito da shi yana ɗiga ruwa.

Ba ginshiƙi ya fito ba. Abin da ya fito wani dogon abu ne fari fat, mai kafaɗu da kai, ba ido ba baki, ya leƙo ta bayan Malam Wada kamar gawa a cikin likkafani.

"Ka kashe ni!" in ji Ɗanjuma. "Ka kashe ni ka yi mini sutura!"

"Kai ba ka da matsala. Tsohon nake ji. In ya ga wannan a bayansa, zai ce ajalinsa ne ya biyo shi kallon lilo."

"To yanzu fa?"

"Yanzu sai reza. In kankare ka gaba ɗaya, ka koma dare."

Haka aka yi. Shitu ya fara daga hula ya gangaro. Wuya ya tafi, ƙirji ya tafi, wando ya tafi. Garin baƙin abin da ya kankaro ya taru a kan taga, ya hure shi, ya ce wa Ɗanjuma, "Ga ka nan ka bi iska." Da ya iso idon sawu sai ya dakata.

A ƙasan hoton, ƙafafun Ɗanjuma sun leƙo ta gefen tsohon. Yana sanye da fararen takalma sau-ciki masu baƙin baki, irin waɗanda babu mai su a Bebeji sai shi. Farinsu ya haɗe da farin gefen rigar Malam Wada, ba a gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

"Nan kam ba zan taɓa ba," in ji Shitu. "In na sa reza, rigarsa za ta fito kamar ɓera ya ci. Rigar nan ta Sallah ce, ya fi son ta da jakinsa."

"Ka bar takalma su kaɗai a tsaye?"

"Takalmi ai ba ya shan rake. Wa zai duba ƙasa, ga giwa a sama?"

Ɗanjuma ya yi tunani ya ga gaskiya ne. Ya ƙara da cewa ai Baba bai ma san takalman ba, tun da kullum babu takalmi yake ganinsa. Da wannan hujja ya kwantar da hankalinsa, har ranar Juma'a ya goge su da farar ƙasa ya saka, don Luba ta gan shi fes. Shitu ya ce ya bar su a gida, ya ƙi. Wawa ko an fitar da shi daga rami sai ya koma ya leƙa.

Bayan an sauko daga masallaci suka isa Yako, Shitu ɗan rakiyar biko kuma mai kawo hoto. Tun daga nesa Ɗanjuma ya tuɓe takalman, ya tura su ƙarƙashin dangar kara da ke gefen zaure. Suka yi sallama, suka shiga, ya tsuguna can kusa da ƙofa, kai a ƙasa.

Aka gaisa, aka tambayi gajiya da amfanin gona. Shitu ya warware hoton daga takarda ya miƙa da hannu biyu. Malam Wada ya riƙe shi nesa da fuska, ya matso da shi, ya gyara gemu.

"Giwa ta fito," ya ce. "Yaro, ka iya aikinka. Har na ga kamar na fi haka ƙuruciya."

"Hasken fitila ne, Baba," in ji Shitu, wanda ya share masa tamoji da fensir.

Malam Wada ya miƙa hoton ta ƙofar cikin gida, inda matarsa Tani ke tsaye a bayan asabari, don ba ta fitowa gaban surukinta. Sai muryarta ta fito.

"Malam, waɗannan ba takalman mijin Luba ba ne?"

"Waɗanne takalma?"

"Ga su nan a gefen rigarka. Ni zan ɓata su? Duk zuwansa ni ke korar kaji daga kansu."

Hoton ya dawo zaure. Malam Wada ya duba ƙasa ya daɗe. Shitu ya ɗaga kai yana nazarin azarar rufi.

"Ɗanjuma."

"Na'am, Baba."

"Ka je Gidan Lilo?"

"Na... na bi ta wajen, Baba."

"Ka bi ta wajen." Tsohon ya sake duban hoton. "Ga takalma. Ina mai takalman?"

Malam Wada ya dubi baƙin wurin da ke bayan kafaɗarsa, ya dubi takalman da ke jere a gefensa, bakinsu na fuskantar gaba, ba kowa a ciki. A hankali fuskarsa ta sauya. Ya rage murya.

"Ka zo wucewa, ka yi kiciɓis da ni. Ka tuɓe takalma. Ka ga in ka gaishe ni a wurin nan zan ji nauyi, sai ka juya ka shige duhu. Haka ne?"

Ɗanjuma ya ƙara sunkuyar da kai. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma wannan ma ƙarya ce.

Malam Wada ya matso, ya ƙara rage murya, amma shi mutum ne da ya saba kira daga wannan gona zuwa waccan, raɗarsa ana jin ta a tsakar gida.

"Ka gan ni a kan dokin nan?"

"Wallahi ban ga komai ba, Baba."

A duk yinin nan wannan ce kaɗai gaskiyar da ta fito daga bakinsa. Tsohon kuwa ya ɗauke ta a matsayin rufin asiri. Ya gyaɗa kai, idonsa ya kawo ruwa.

"Shitu, ka ji ɗan mutunci. Zuwa dai ya je, ya karya alkawari, ban ce bai yi laifi ba. Amma yaron da zai ga surukinsa a inda bai kamata ba, ya bar takalmansa ya gudu, ya kuma rantse bai ga komai ba, irinsa sun yi ƙaranci a zamanin nan."

"Sun yi ƙaranci ƙwarai, Baba," in ji Shitu. "Ni ma da na duba gilashin, nema na yi na rasa shi."

Daga bayan asabari Tani ta ce, "Malam, wane doki?"

"Ke, ba da ke ake ba. Ce wa Luba ta fito da kayanta, rana na yi."

"Ka ce mini daga bakin ƙofa ka tsaya ka dawo."

"Na ce ki kira Luba!"

Ya juyo ga Ɗanjuma da sauri, don ya sauya magana. "Takalman fa? Ka koma ka same su?"

Da Ɗanjuma ya ce e, da magana ta ƙare. Amma ya ga tausayi a fuskar tsohon, ya so ya ƙara.

"Sun tafi, Baba. Ko da na koma, an ɗauke."

"Allah sarki. Saboda ni. To Allah ya mayar maka da alheri. Tashi mu je, yau da kaina zan taka muku."

Malam Wada bai taɓa raka shi ko bakin zaure ba, amma ranar nan ya ɗauki sandarsa ya sa su gaba. Ɗanjuma ya wuce dangar kara yana satar kallonta, bai isa ya sunkuya ba. Tsohon ya raka su har bayan gari, yana yi wa duk wanda suka gamu da shi bayanin irin surukin da Allah ya ba shi, yana nuna ƙafafunsa da sanda. Luba na biye a baya da ƙullin kaya a ka.

Da tsohon ya juya, hanya ta shiga cikin gonaki. Kaka ce, ƙarangiya ta bushe ta zube ko'ina. Ɗanjuma, wanda tafin ƙafarsa ya saba da sau-ciki, ya fara tafiya kamar mai taka garwashi. Ya yi taku kaɗan ya tsaya ya cire ƙaya, ya sake yi ya tsaya.

"Shitu, don Allah koma ka ɗauko mini su. Suna ƙarƙashin danga."

"In Baba ya gan ni da su in ce me? Na kankaro su daga hoto?"

Luba ta sauke ƙullinta a kan kututture, ta ɗan buɗe bakinsa. Farin takalmi ya leƙo daga tsakanin zannuwa.

"Kai, Allah ya yi miki albarka!" in ji Ɗanjuma, ya miƙa hannu.

Ta ɗaure ƙullin ta mayar ka.

"Waɗanne? Naka ai an ɗauke a Gidan Lilo. A gaban Baba ka faɗa, ina ji. Waɗannan tsintuwa na yi."

"Luba, ƙaya fa."

"Na gani. Za su zauna a cikin adakata. In gari ya waye ka roƙa, in ba ka aro ka je wurin aiki. Ana kiran magariba ka dawo mini da su. Ranar da ka makara, in kai wa Baba su, in ce ga abin da na tsinta a gindin dangarsa."

Ɗanjuma ya dubi Shitu neman taimako. Shitu ya ce shi aikinsa gyaran hoto ne, wannan ya fi ƙarfin fensir.

Luba ta wuce gaba, ta kama hanyar Bebeji, hanyar gidan mijinta. Ɗanjuma ya bi ta yana ɗingishi, yana tsayawa yana cire ƙarangiya. Gidan Lilo ya ƙara mako a garin kafin Balaraben ya kwashe ƙarafansa, kuma kowane dare garmaho na kaiwa har ɗakin Ɗanjuma. Yana jin sa daga kan gado, ƙafafunsa a cikin kaskon ruwan ɗumi.